Waƙar Turmin Inna

Ranar da na fara jin waƙar a waje, ina tsaye ne a bakin tashar Anka, muna cacar baki da wani ɗan kabu-kabu da ya dage sai ya haɗa ni da buhun albasa a kan babur ɗaya. Na taso daga asibitin da nake aikin awo, rana ta take, ni kuma da ma ba a san ni da haƙuri ba. Ina cikin gaya masa inda zai kai albasarsa sai lasifikar shagon cajin waya da ke bayanmu ta ɓarke da kukan jita, irin mai lantarkin nan da ake ji har cikin haƙori. Da farko ban kula ba. Sai ganga ta shigo, bugu uku sannan tafi, bugu uku sannan tafi. Wannan bugun na san shi tun ban san damana da haguna ba, domin bugun taɓaryar Inna ne. Kafin in gama juyowa muryar yayanmu ta hau kai. Na san bai kamata waƙar nan ta fito ba tukuna, kuma na san da laifina a ciki.

Mu Fulani ne da suka daɗe da zama wuri ɗaya, a wani ƙauye kusa da Nasarawa Burkullu. Muna noma gero, muna da 'yan shanunmu, Hausa a waje, Fillanci a gida idan tsofaffi ba sa son yara su gane. Yayanmu, wanda muke kira Hamma kamar yadda ake kiran babban wa a gidajenmu, shi ne ɗan fari. A wurinmu kuwa uwa ba ta kama sunan ɗan farinta, ba ta wasa da shi, ba ta miƙa masa abinci hannu da hannu, ba ta yabonsa a gaban mutane ko a bayansu. Ana yaye shi kakarmu ta ɗauke shi, da ta rasu aka kai shi wurin Kawu a Gummi. Mu duka muna ce mata Inna, shi kaɗai yake ce mata Adda, kamar wata yayarsa. Ita kuma idan dole ta kama ta yi zancensa, sai ta ce “wancan”, ko “na Gummi”, tana kallon wani gefe.

Na taɓa raka ta yin katin ɗan ƙasa a Bukkuyum. Ma'aikacin, wani ɗan birni mai tabarau, ya ce ta lissafo 'ya'yanta. Ta fara daga kaina ta gangara har kan auta, ta tsaya nan. Ya ce ai ta ce shida ne, biyar ya ji. Ta gyara mayafi, ta tsura wa fanka ido kamar ita ta yi tambayar. Sai da ni na faɗi sunan, ina jin haushinta, ina jin haushin mai tabarau, ina jin haushin al'adar gaba ɗaya. A kan hanyarmu ta komawa ta ce mini bakina ya cika sauri.

A Gummi Hamma ya tashi a rumfar gyaran janareta ta Kawu. Wasu makaɗa daga Nijar sukan zo wasan biki, su kawo masa na'urar ƙara sautinsu idan ta lalace. Yana gyarawa yana taɓa jitarsu wai don gwaji, har gwajin ya fi gyaran yawa. Daga baya suka haɗa ƙungiya su biyar: jita biyu, wata babba mai kaurin murya, mai kalangu, da wani dogon mai ganga wanda bakinsa ba ya riƙe magana. Mutane suka sa musu suna masu ƙara, kuma wallahi ba a yi musu sharri ba. Dattawa suna tsaki, malamai suna wa'azi a kansu, matasa kuma suna bin su daga Gummi har Bukkuyum. Duk wasansu da rana suke yi, su tattara kaya kafin la'asar sakaliya, saboda yadda hanyoyinmu suka zama.

Wata Asabar ya zo wurina a Anka ba tare da ya yi waya ba. Ya ƙi cin abinci, ya ƙi zama. Ya ciro waya ya cusa mini abin ji a kunne, ya ce sun je Gusau sun ɗauki sabuwar waƙa, in saurara.

Waƙar dakan Inna ce. Tun muna yara, idan tana kirɓa fura ita kaɗai, takan yi ta a hankali, ta cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe. Ba doguwa ba ce:

Na kirɓa fura, mai sha ya yi nisa,
Ƙwarya tana jira, nono ya kwana.

Na ji ta sau dubu. Na yi lugude da Inna a kanta, na yi ta da bakina ina wanke-wanke, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wane ne mai shan da ya yi nisa ba. Sai da na ji ta cikin muryar Hamma, da jita tana kuka a bayanta, sannan na gane. Shi da yake zuwa gida sau biyu a shekara, yana zama a zaure kamar baƙo, ya gane abin da ni da nake gindin turmin ban gane ba. Ya ƙara baitoci nasa, amsa ce yake ba ta: yana nan tafe, kada a zubar, kada a ba kare. A ƙarshen kowane baiti kuma yana cewa Inna. Ba Adda ba. Na cire abin daga kunnena na yi kuka sosai, shi kuma ya tsaya a bakin taga yana kallon awakin maƙwabta.

Ya ce, “Ba ni sakinta sai Adda ta ji ta yarda. Abinta na. Ke za ki kai mata.”

Na ce, “Don mi ba ka kai mata da kanka?”

Ya dube ni kamar na ce ya hau sama. Na karɓi waƙar a wayata. Na ce ranar Juma'a zan je.

Ban je ba. Juma'a ta zo na ce aiki ya yi yawa, ta biyu na ce an ce hanya ba kyau, ta uku ban ma nemi dalili ba. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Ni mai bakin da ke tsayar da ɗan kabu-kabu, na kasa tunanin yadda zan zauna gaban Inna in danna mata abin da ta ɓoye shekara talatin da wani abu. A cikin makon na uku ne dogon mai ganga ya kai wayarsa caji a kasuwar Gummi, ya kasa haƙuri, ya ce wa mai shagon ya ɗan saurari wani abu, amma kada ya gaya wa kowa. Mai shagon bai gaya wa kowa ba. Tura wa kowa ya yi.

Haka waƙar ta fita, babu taro, babu sanarwa. A wurinmu da ma haka waƙa take fita: mai shagon caji ya sa wa mutum ɗaya a katin waya, wannan ya hau mota, ranar kasuwa ta gaba tana wani gari. Cikin kwana goma ta kama ko'ina. 'Yan kabu-kabu suna ɗaura rediyo a kan tanki suna yawo da ita. Masu haƙar zinare suna sa ta a bakin rami. A asibitinmu wata mai naƙuda ta shigo, wayarta ta yi ƙara, waƙar ce. Na ga ƙattin maza masu gemu a teburin mai shayi sun yi tsit idan aka zo wurin Inna, kowa ya sami abin kallo a cikin kofinsa. Gidan rediyo ya ɗauka, aka fara kiran su wasa har Sakkwato. Abin da suka yi shekaru suna nema ya zo musu har ƙofa.

Hamma kuwa ya ƙi rera ta. A wani biki a Bukkuyum mutane suka yi ta ihun a yi musu ta turmi, ya zare jita daga wuya ya ajiye, ya fita ya bar su tsaye. Da na kira shi ya ce, “Na ɗauki abin da tab ɓoye cikin ɗaki na kai kasuwa. Da wane ido zan dube ta?” Ya ce ba zai sake taka gida ba, kuma idan an matsa masa zai koma gyaran janareta. Na san shi. Idan ya faɗi abu a wannan sanyin muryar, ya gama.

Washegari sai ga dogon mai ganga a ƙofar asibiti, ya cire hula yana murzawa. Na wanke shi tas a gaban masu jiran awo, har wata tsohuwa ta ce in bar shi haka nan. Ya tsaya ya sha. Da na gama ya ce a hankali, “Hajiya, laihina na, na sani. Amma da kin kai tun ranar da anka ba ki, ai da ba mu kai nan ba.” Ranar Alhamis na nemi hutu na kama hanyar gida.

Damina ce, hanyar ta zama kunu. Sau biyu muna sauka muna tura babur. Tun kafin in shiga ƙauye na ji ta, wasu 'yan mata a bakin rijiya suna rerawa suna jan guga. Ashe waƙar ta riga ni zuwa da mako biyu.

Inna ta karɓe ni kamar kullum, ta ce na rame, ta ce atamfata ta cika haske. Ba ta ce komai a kan waƙar ba. Amma na lura da abu biyu. Duk lokacin da wata waya ta ɗauko waƙar a maƙwabta, sai ta miƙe ta shiga ɗaki ta saki labule. Matan unguwa suna zolayarta, “Ga waƙarki can, ɗanki ya yi suna,” ita kuma ta sha kunu ta ce tana da aiki. Abu na biyu shi ya fi ci mini rai: ta daina waƙa a bakin turmi. Tana daka shiru, ba cilla taɓarya, ba tafi. Na zauna a kan tabarma ina jin wannan dakan mara murya, na ce a raina Hamma ya yi gaskiya, mun kashe mata abinta.

A rana ta biyu na yi ta maza. Na same ta tana tankaɗe.

“Inna, kin ji waƙar da Hamma ya yi?”

“Akuyar nan baƙa ta haihu, an hwaɗa miki?”

“Inna, magana nika yi miki.”

“Biyu tah haihwa. Guda bai yi rai ba.”

Nan haƙurina ya ƙare. Na ce mata mutum yana can ya daina cin abinci, ya ajiye sana'arsa, ya rantse ba zai ƙara zuwa gida ba, duk don yana zaton ta yi fushi. Na ce idan ta yi fushin ta faɗa, idan ba ta yi ba ta faɗa, kalma ɗaya ce, ba za ta tsinke mata harshe ba. Na ce ita ta haife shi, ba daga gindin kuka aka tsinto shi ba. Na faɗi wasu abubuwan ma da ba zan rubuta ba. Ta bar ni har na gaji. Sannan ta karkaɗe rariya ta ce, “Ke dai boko ya ɗebe miki kunya.” Ta tashi ta tafi duba akuya.

Na yi fushi irin na yara, na ƙi cin tuwo. Ban fahimce ta ba a lokacin. A ganina taurin kai ne kawai. Yanzu da na girma kaɗan na gane abin da na nema a wurinta: in ta ce ta ji daɗi, ta yabi ɗan fari da bakinta, ta amsa cewa shekara talatin tana kewarsa a gaban turmi. In ta ce ta yi fushi, ta yi ƙarya. Tun tana yarinya aka koya mata cewa uwar kirki ba ta yin na farkon, ita kuma ba ta iya na biyun ba. Na tsare ta a lungu ina mamakin me ya sa ba ta fita.

Da safen da zan koma, mai babur yana jira a ƙofar gida, ta fito da ɗan kwano an ɗaure shi da tsumma, man shanu ne. Ta ce in kai wa mutanen Gummi. Na ce ni Anka za ni. Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta juya tana watsa wa kaji tsaki, ta ba ni baya, sannan ta ce:

“In kin ga wancan, ki ce mishi mai gangarsu ya yi kure. Wurin da nono ka kwana, sau biyu aka bugun hannu, ba guda ba.”

Ta ajiye kwanon tsakin, ta tafa hannu sau biyu da sauri, don in ji yadda ake yi. Ta shige ɗaki.

Na hau babur ina ƙunƙuni. Mutum yana can zai mutu da baƙin ciki, ita kuskuren ganga ta gani! Sai da muka wuce gonaki muka hau tudu sannan abin ya faɗo mini. Gaskiya ta faɗa. A daidai wannan wurin takan cilla taɓaryar sama fiye da sauran, ta tafa biyu kafin ta cafe. Ni da na yi shekaru a gefenta, na kuma saurari waƙar Hamma fiye da sau ɗari, ban lura an yar da tafi ɗaya ba. A cikin wannan ƙarar ta jita uku da kalangu, wanda ya ji waƙar sau ɗaya ta bayan labule ba zai kama wannan ba. Daga baya autarmu ta gaya mini cewa ƙaramar wayar da na saya wa Inna don tocila, ita da kanta ta kai ta shagon caji ranar kasuwar Nasarawa. Da yake ba za ta iya faɗin sunan mawaƙin ba, cewa ta yi a sa mata “haukan nan na masu ƙara”. Da hantsi idan kowa ya tafi gona take shiga ɗaki ta kara a kunne.

Na dafa kafaɗar mai babur na ce ya kai ni inda zan sami motar Gummi.

Na sami Hamma a rumfar Kawu, hannunsa duk baƙin mai, ya kwance wani janareta. Na ajiye masa man shanu na isar da saƙo kalma da kalma. Fuskarsa ta canza.

“Shi ke nan abin da tac ce? Kure kaɗai tag gani?”

Na ce, “Kai dai wallahi ba ka da wayo. Sau nawa mutum zai saurara kahin shi gane bugun hannu guda ya ɓace?”

Ya tsaya da sifana a hannu. Ya ce in maimaita abin da ta ce. Na maimaita. Ya ce in nuna masa yadda ta tafa. Na tafa a tsakiyar masu gyara, suna kallona kamar sabuwar mahaukaciya. Ya fara dariya, dariyar ta juye, ya zauna a kan galan ya rufe fuska da hannayen nan masu baƙin mai. Da ya ɗago duk ya shafe fuskarsa, sai ni ma dariya da kuka suka haɗe mini. Ya ce a kira masa dogon nan.

Bayan an yi girbi aka ɗaura auren wata 'yar baffanmu a ƙauye, aka gayyato masu ƙara. Karon farko ke nan da suka yi wasa a garinmu. Bayan azahar aka tayar da janareta a filin ƙofar gida, yara a kan katanga, tsofaffi daga nesa suna yi kamar wucewa suke. Inna ba ta fito ba, ban kuma yi zaton za ta fito ba. Tana bayan zana tare da masu dakan furar baƙi, taku goma daga inda aka kafa lasifika. Ina jin bugun taɓaryarta a cikin na sauran.

Sai da suka yi waƙa uku sannan ya ɗauko ta. Filin ya rikice. Ya rera baitin farko, ya zo wurin ƙwarya tana jira, nono ya kwana, sai ya ɗaga hannu. Ashe sun shirya. Jita ta tsaya, kalangu ya tsaya, dogon mai ganga ya riƙe sandunansa a sama bai buga ba. Bai gyara kuskuren ba, wurin ya bari a buɗe. Mutane suka yi cirko-cirko suna zaton wuta ce ta ɗauke. Ni kuwa ina addu'a, ina kuma zaginsa a raina, don in babu abin da ya biyo baya ban san yadda zan ɗauke shi daga filin nan ba.

Daga bayan zana aka tafa sau biyu, taɓarya ta sauka a turmi.

Ganga ta ɗauka daga nan. Hamma ya buɗe baki muryar ta ƙi fita, jama'a suka rera masa baitin har ƙarshe, yawancinsu ba su ma san abin da ya faru ba.

Da aka tashi na shiga cikin gida. Inna tana dama fura, ba ta dube ni ba. Ta cika ƙwarya ɗaya har baki, ta rufe da faifai, ta miƙo mini.

“Kai ma baƙin nan,” in ji ta.

Baƙin su biyar ne. Da na ɗaga faifan a zaure, ludayi ɗaya ta sa.